Yadda na zama jami'in ilimi a rundunar sojan ruwa, da yadda koyarwar ta sauya a hannunmu

Tun da na ajiye kaki, da wuya wata ya shuɗe ba tare da wani matashi daga garuruwanmu na Sudan, Mai Wurno ko Gadarif ko Kasala, ya aiko mini da tambaya a kan yadda ake shiga rundunar sojan ruwa a matsayin malami ba. Yawancinsu masu digiri ne a lissafi ko fiziya ko Turanci, waɗanda albashin sakandare ya kasa riƙe su, kuma kusan dukkansu sun ɗauka aikin da suka saba za su ci gaba da yi, illa dai an ɗora masa kaki. Saboda haka na ga ya dace in rubuta matakan bi da bi kamar yadda na taka su, domin wanda zai biyo baya ya san inda ake ɓata lokaci da inda ake ɓata kuɗi, ya kuma san irin malamin da ake bukata yanzu. An kafa rundunar sojan ruwan Sudan a 1962 da taimakon Yugoslabiya, kuma cibiyarta tana Bur Sudan a gaɓar Bahar Maliya. Jami'in ilimi a cikinta shi ne mai koyar da lissafi da kimiyya da harshe da tushen ilimin tuƙin jirgi, shi ke tsara manhaja da jarrabawa, kuma masu digiri suna shiga ne ta ƙofar da ake ɗaukar hafsoshi masu sana'a, waɗanda ake kira fanniyyin.

Matakin farko takardu ne, kuma tsarin da aka bi wajen haɗa su ya fi yawansu muhimmanci. Lambar ɗan ƙasa ita ce uwa, domin duk wata takarda da ita ake gwada ta. Mu Hausawa mun san abin da ke jiranmu a tagar ofishin da ke bayar da ita, wato tambayar ko mu 'yan Sudan ne, ko da kuwa kakanninmu suna cikin waɗanda suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu tun kafin a haifi kakan mai tambayar. An nemi in kawo shaida daga dangin uba, sai baffana ya bar gonarsa ya zo da tsohuwar takardarsa ta zama ɗan ƙasa a naɗe cikin leda. Da aka yi masa tambayar da ya sha ji tun yana saurayi, bai ɗaga murya ba, ya dai lissafo kakanninsa da inda aka binne kowannensu, sannan ya ce mini da Hausa, "Ɗana, miƙa masa takardar ka yi shiru." Bayan wannan sai wata matsalar ta ɓullo: sunan kakana a takardar sakandare Abbakar ne, a ta jami'a kuwa Abubakar. A Sudan suna huɗu ake rubutawa, naka da na uba da na kaka da na uban kaka, kuma harafi ɗaya idan ya saɓa, mutum biyu ne a idon ma'aikaci. Sai da na je kotu da shaidu biyu aka yi mini takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ne, sannan jami'a ta buga hatiminta, ma'aikatar ilimi mai zurfi ta tabbatar da shi. Daga nan na karɓi takardar 'yan sanda ta rashin laifi, wadda ake ce wa fish, bayan an ɗauki zanen yatsuna goma, na haɗa da shaidar hidimar ƙasa da hotuna.

Kowace taga tana da kuɗinta da rasidinta, wato Urnik 15, wanda a lokacin da hannu ake cike shi kafin a mayar da shi na lantarki a 2015. Faɗin adadin da na biya ba zai amfani kowa ba yau, tun da a watan Fabrairun 2021 kaɗai farashin dala a hukumance ya tashi daga fam 55 zuwa 375. Abin da bai canza ba shi ne kuɗin tagogin ba su ne ke cinye aljihu ba. Motar zuwa Khartum da dawowa, da abinci, da kwafin takardu, da zaman jiran sa hannun wanda aka ce ya fita salla ko ya tafi taro, su ne suka cinye abin da na tara. Takardar 'yan sanda kuma tana da wa'adi, don haka wanda ya fara da ita kafin ya gyara sunansa zai biya sau biyu.

Gwajin lafiya ya zo bayan an karɓi takardun. An auna tsayi da nauyi, an ɗauki hoton ƙirji, an ɗebi jini, an duba haƙora da tafin ƙafa, kuma duk wannan layi ne kawai da haƙuri. Wurin da ya kamata mai neman aikin ruwa ya sani tun yana gida shi ne ɗakin ido. Likita yana buɗe wani ɗan littafi mai shafuka cike da ɗige-ɗige masu launi, a cikinsu an ɓoye lamba, ya ce ka karanta da sauri. Wani saurayi da ke gabana, wanda ya fi mu duka ƙarfin jiki, ya tsaya yana kallon shafin yana cewa babu komai a ciki, kuma ranar ce ya fara sanin cewa ba ya bambanta ja da kore. Ba a sassauta wannan, domin da dare jirgi fitila ja yake kunnawa a hagunsa, kore a damansa, kuma da su ake gane inda ya dosa. Duk asibitin ido yana da wannan littafi, kuma gwajin ba ya ɗaukar lokacin shan shayi, saboda haka ya kamata mutum ya yi shi kafin ya kashe ko fam ɗaya a kan takardu. Bayan likita sai ganawa da kwamitin hafsoshi, inda aka tambaye ni dalilin da ya sa ɗan bakin kogi yake son teku, aka kuma ba ni alli aka ce in bayyana musu wata ƙa'idar lissafin kusurwa kamar su ɗalibai ne. Jiran fitowar sunaye shi ne ya fi komai nauyi a zuciya, domin na riga na sanar da shugaban makarantar da nake koyarwa, mahaifiyata kuma kullum sai ta tambaye ni ko an kira.

Horon soja a Wadi Sayyidna, arewa da Omdurman, ba ni da dogon bayani a kansa. An aske mu, mun yi fareti da gudu da harbi, an koya mana dokokin soja da yadda ake rubuta wasiƙa ta bi ta hannun na gaba da kai. Wanda ya saba a miƙe masa tsaye idan ya shiga aji zai sha wuyar makonnin farko fiye da yaron da ya fito daga sakandare, amma yana wucewa.

Na isa Bur Sudan ta hanyar Atbara da Haya, motar ta gangaro daga duwatsun Sinkat zuwa Sawakin, zafi mai ɗanshi ya tare mu tun kafin mu hango ruwa. A makarantar da aka tura ni, kayan aikin su ne allo da alli, da taswirorin teku na takarda waɗanda fensir da magogi suka cinye fuskarsu, da rula mai tagwaye, da ma'auni mai ƙafa biyu. Hanyar koyarwar kuma ita ce wadda kowa ya gada: malami ya yi shifta, ɗalibai su rubuta, su haddace, ranar jarrabawa su mayar masa da abinsa. Dokokin kauce wa karo a teku na 1972 haka ake haddace su da Turanci, doka bayan doka, kuma ina da ɗaliban da za su karanto doka ta 15 ba tuntuɓe, wadda ta ce idan jirage biyu masu inji za su gitta wa juna, wanda ɗayan yake damansa shi zai kauce. Idan kuwa na ɗora ƙwanƙwanin ashana biyu a kan tebur na ce wane ne zai kauce, sai aji ya yi tsit, kamar almajirin da ya sauke amma bai zauna gaban malamin fassara ba. Ni kaina a lokacin daga littafi nake ɗebowa da dare in zuba musu da safe.

Wanda ya nuna mini mataki na gaba wani tsohon sol ne, wato babba a cikin sojojin da ba hafsoshi ba, Bahaushen Kasala, wanda ya yi shekarunsa a kan jiragen sintiri kafin a dawo da shi makaranta. A gaban ɗalibai "Janabu", wato ranka ya daɗe, yake ce mini, ya ƙame, amma idan mun zauna shan jabana, wato gahawa, da citta bayan la'asar sai ya koma ce mini ɗana, ni kuma in ce masa Baba. Shi ne ya ce, "Ɗana, lissafinka daidai ne, amma yaran nan sun san ba ka taɓa kwana a ruwa ba. Rubuta takarda a haɗa ka da jirgi." Babu dokar da ta tilasta wa jami'in ilimi yin haka a lokacin, don haka babu wanda zai tuna maka. Na rubuta buƙatar ta bi ta hannun shugaban sashe zuwa kwamandan makaranta, ta kwanta a wani ofishi har sai da Baba ya bi sawunta da ƙafarsa. Kafin a yarda in hau, sai da na ci gwajin iyo, na yi horon kashe gobara da na hawa kwalekwalen ceto.

Abin da na gani a ruwa shi ya rushe rabin darussan da na rubuta. Gaɓar Sudan cike take da duwatsun murjani, waɗanda mutanen wurin ke kira sha'ab, wasunsu suna tasowa tsaye daga ruwa mai zurfi, ta yadda na'urar auna zurfi ba za ta gargaɗe ka ba sai ka riga ka iso. A gaban tashar akwai sha'ab na Wingate, inda jirgin Italiya mai suna Umbria yake kwance tun da ma'aikatansa suka nutsar da shi a watan Yunin 1940, can gaba kuma akwai Sanganeb da hasumiyar fitilarta. Matuƙan suna karanta launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore ya fara gajarta, ruwan ƙasa-ƙasa kuwa dutse ne, kuma ba a ganin wannan sai rana tana bayanka ta ɗan ɗaga. A aji ina ba ɗalibi kwata na awa ya auna kusurwa uku ya ja layuka uku a taswira ya fitar da matsayin jirgi. A ɗakin tuƙi, jirgi yana tangaɗi, cikina yana juyawa, na ga cewa jirgin da ke gudun mil 15 na teku a awa yana cin mil ɗaya da rabi cikin minti 6, saboda haka matsayin da aka ɓata lokaci wajen fitar da shi labarin inda ka baro ne. Da na dawo, na fara riƙe agogo a aji, na kuma daina karɓar amsar da ta zo daidai amma a makare.

Sauyin da ya fi girma daga waje ya zo. Yarjejeniyar STCW ta 1978, wadda hukumar sufurin ruwa ta duniya IMO ke kula da ita, ita ce ta tsara horon ma'aikatan jirgi da takardun shaidarsu. An yi mata babban gyara a 1995, aka sake yi a Manila a 2010, gyaran ya fara aiki a farkon 2012 tare da wa'adin kammala sauyi zuwa farkon 2017, kuma tsakanin 2012 da 2018 aka wajabta wa manyan jiragen kasuwa taswirar lantarki ta ECDIS kashi-kashi. Yarjejeniyar ba ta hau kan jiragen yaƙi ba, amma ruwa ɗaya muke bi da jiragen kasuwa, kuma yaranmu idan sun bar aiki tashar jiragen ruwa da kamfanoni suke nufa, inda takardar da ba ta dace da ita ba ba ta da daraja. Ta kuma shar'anta cewa mai koyarwa da na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi sai ya sami horo a kan dabarun koyarwa da ita, ya kuma saba da irin na'urar da zai yi aiki da ita. Da aka fara maganar kawo mana na'urar, sai aka nemi malaman da za a tura kwas, kuma a nan takardar da kwamandan jirgi ya sa wa hannu ta shaida zamana a ruwa ta raba ni da abokan aikin da suka riga ni shiga.

Fitowar suna somin-taɓi ne. An yi gwajin Turanci, an yi binciken tsaro, an nemi fasfo mai sauran wa'adin aƙalla wata shida, da katin rigakafin shawara, da fassarar takardun karatu mai hatimi, sannan izinin fita na soja, wanda ba a bayar da shi sai sauran sun cika. Duk sun cika, amma kuɗin guzuri bai fito daga ofishin da ya kamata ya fitar da shi ba har ranar fara kwas ta wuce, aka mayar da mu rukuni na gaba. A tsakanin nan wasu takardun suka tsufa aka sake su. Na riga na yi sallama da gida, maƙwabta sun yi mini addu'a, sai ga ni ina yawo a unguwa ana tambayata ko har na dawo, kuma wannan ya fi asarar kuɗin ciwo.

Kwas ɗin a Iskandariyya ta Masar aka yi shi, birnin da babbar makarantar sufurin ruwa ta ƙasashen Larabawa take tun 1972, kuma an gina shi a kan manhajojin IMO guda biyu, mai lamba 6.09 ta horar da malamai da mai lamba 6.10 ta masu koyarwa da jarrabawa da na'urar kwaikwayo. A kashin farko an hana mu rubuta manufar darasi da kalmomi irin su "ɗalibi ya fahimci", aka ce sai mu faɗi abin da zai yi da hannunsa, a wane yanayi, cikin wane lokaci, da kuskuren da za a iya yafe masa. An ɗauki kowannenmu a bidiyo yana koyarwa, aka kunna a gaban kowa, malamin yana riƙe da agogo yana auna yawan lokacin da bakin malami ke motsi da wanda ɗalibi ya samu. Dukanmu, har da masu manyan taurari a kafaɗa, mun cinye kusan lokacin gaba ɗaya. A kashi na biyu aka shigar da mu ɗakin tuƙi na kwaikwayo, mai sitiyari da rada da taswirar lantarki, da tagogin da allunan hoto ne masu nuna teku, har mutum ya riƙa jin kamar ƙasa tana motsi. Malami yana wani ɗaki daban, daga inda zai iya sauko da hazo, ya tayar da iska, ya turo kwalekwalen masunta, ko ya lalata na'ura. An koya mana cewa atisaye kashi uku ne, bayani kafin a fara, da atisayen kansa, da zaman bita bayansa, kuma na ukun ne karatun. An gargaɗe mu kada mu tara wa ɗalibi masifu don mu nuna masa iyakarsa, kada mu sa baki yana tsakiyar kuskure, kuma a zaman bita mu mayar da hoton tafiyarsa mu tambaye shi abin da ya gani da abin da ya sa ya yanke hukuncin da ya yanke, kafin mu faɗi namu.

Da muka dawo, na'urar ta zo da nata bukatun: sanyi a garin da zafinsa ya shahara, lantarki mai tsayawa, kariya daga ƙura, da lasisin da ake sabuntawa da kuɗin waje. Sau da yawa janareta ne ke yanke mana tsawon darasi. Amma wahalar gaske a kwamitin manhaja take, inda sai da muka shawo kan manyanmu cewa a rage awannin shifta, a kuma ba da maki a kan abin da ɗalibi ya aikata bisa takardar awo da aka rubuta tun kafin atisaye. Awa ɗaya a na'ura tana cin malami awanni na shiri, kuma tana ɗaukar ɗalibai kaɗan ne a lokaci guda, don haka wanda ya ce na'ura za ta rage yawan malamai bai taɓa tsara jadawali ba. Akwai kuma abin da ya shafi tarbiyyarmu. Sabon tsarin yana so ƙaramin ma'aikaci ya buɗe baki ya ce wa hafsa akwai haɗari, ya kuma maimaita kowane umarni da ƙarfi don a tabbatar ya ji daidai. Yaron da aka rena da kunya da sunkuyar da kai a gaban babba, Bahaushe ne ko Bahadandawe ɗan ƙabilar gabashin Sudan, sannan aka ɗora masa ladabin soja, zai ga dutse ya yi shiru. Na riƙa sa Baba ya shiga atisaye a matsayin kwamanda ya ba da umarnin da bai dace ba da gangan, kuma duk wanda ya ce "Janabu, akwai sha'ab a gabanmu" shi ke samun makin ranar.

Wata sabuwar cuta kuma ta ɓullo, wato manne ido a allon na'ura. Na ga ɗalibi ya sunkuya a kan taswirar lantarki, kwalekwale na katako wanda rada ba ta kama shi sosai yana ƙara girma a tagar da ke gabansa, alhali doka ta 5 ta wajabta tsaro da ido da kunne a kowane lokaci. Maganin da na samu shi ne in sa matsayin GPS ya riƙa zamewa a hankali ba tare da ƙararrawa ba, in ga wanda zai ɗaga kai ya auna hasumiyar Sanganeb da kamfas ya gane an yaudare shi. A kan wannan ne na tsaya kai da fata cewa ba za a cire taswirar takarda da sekstan, na'urar auna tsayin rana da taurari, daga manhaja ba, kuma abin da ya faru a wasu ƙasashe ya ƙarfafa mini gwiwa. A 2003 rundunar ruwan Amurka ta rufe kwas ɗin aji na sababbin hafsoshin jirage ta ba su fayafayan kwamfuta su karanta a kan jirgi, ta dawo da kwas ɗin aji a 2012. A 2017 jiragenta biyu, Fitzgerald a gaɓar Japan da John S. McCain kusa da Singafo, suka yi karo da jiragen kasuwa, ma'aikata 17 suka mutu, kuma binciken da ya biyo baya ya ambaci raunin horo a kan tushen tuƙi cikin dalilai. Kwalejinsu ta Annapolis ta dawo da darasin tuƙi da taurari a 2015, ofishin taswirar teku na Ingila kuma, wanda ya sanar a 2022 cewa zai daina buga ta takarda zuwa 2026, ya ɗage a 2023 zuwa aƙalla 2030. Ɗalibin da ya taɓa ganin yadda kuskuren daƙiƙa 4 a agogo ke kai shi kusan mil guda daga inda yake ba ya sake amincewa da lamba don kawai na'ura ce ta nuna ta.

Ga mai niyyar bin wannan hanya, ya fara da gwajin launi, sannan ya daidaita sunansa huɗu a kowace takarda, ya bar masu wa'adi zuwa ƙarshe. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ma'aikatu da yawa sun koma Bur Sudan a lokacin, mutane da dama kuma sun rasa takardunsu na asali a gidajen da suka bari, don haka ya ɗauki hoton kowace takarda da kowane rasidi ya ajiye a waya da wurin wani ɗan'uwa a wani gari. Idan ya shiga, kada ya jira a tura shi ruwa, ya rubuta buƙata tun shekararsa ta farko, ya buɗe littafin da zai riƙa rubuta kowace fita da aikin da ya yi a cikinta, kwamandan jirgi ya sa hannu ya buga hatimi kafin a canza masa wurin aiki, domin neman sa hannun bayan shekaru aiki ne mai wuya. Ya gyara Turancinsa, tun da dokokin da allunan na'urorin da maganar rediyo tsakanin jirage duk da shi ake yin su. Idan sunansa ya fito a kwas na waje, ya tambayi ofishin kuɗi ranar da guzuri zai fito kafin ya je neman takardun da ke tsufa, kuma kada ya yi sallama da kowa sai tikiti ya shiga hannunsa.